Ɗaukar hoto da filash ɗin kamarar bidiyo: tambayoyi da amsoshi daga Maradi

A gidaje da yawa na Maradi akwai ƴar kamarar bidiyo ta hannu kwance cikin akwati, wadda aka sayo a Kano ko Kwatano, ko wani Alhaji ya zo da ita tsaraba, ba a tunawa da ita sai ranar suna ko ɗaurin aure. Mu masu ɗaukar biki ma da yawanmu da irinta muka fara, wasu har gobe da ita suke cin abinci. Tambayoyin nan na yaran shago ne, da iyaye mata, da abokan sana'a, kuma kusan duk a kan abu ɗaya suke: ƴar fitilar nan da ke walƙawa idan an ɗauki hoto marar motsi.

Yaya zan gane ko kamarata tana da filash?

Duba gaban kamarar, kusa da gilashinta. Idan ka ga wata ƴar taga mai tsawo da siririn bututu kwance a ciki, filash ke nan. A wasu kamarorin a ɓoye yake, sai an zo ɗauka yake ɗagowa da kansa. Idan kuwa abin da ka gani ɗan ƙwai ne zagayayye mai launin ɗorawa, wannan fitilar bidiyo ce, wadda ke kunne muddin kana ɗauka. Aikinsu daban ne.

Kamarorin da suka fito wajen 2007 zuwa 2010 su suka fi zuwa da shi: Canon HV20, Sony HDR-SR12, Panasonic HDC-TM700 da ire-irensu. Daga baya kamfanoni suka riƙa cire shi daga ƙananan kamarori. Sony HDR-CX405, wadda ta cika hannun mutane, ba ta da shi sam, don haka kada ka wahalar da kanka da nema cikin saiti.

Maigida, na danna amma filash ya ƙi tashi. Ya mutu ne?

Da wuya. Mafi yawan lokuta kamarar tana ɓangaren bidiyo ne, ka danna maɓallin hoto ana cikin ɗauka. Za ta ba ka hoton, amma ba za ta saki filash ba, don kada walƙiyar ta shiga cikin fim ɗin. Tsayar da bidiyon, juya ta zuwa ɓangaren hoto, sannan ka dubi alamar walƙiya a allo. Idan an kewaye alamar an soke ta, a kashe yake. Idan an bar wa kamara zaɓi, ita ce ke yanke hukunci, kuma inda ta ga haske ya ishe ta ba za ta tayar da shi ba. Idan alamar tana ƙyafta wa, caji yake yi, ba shi daƙiƙa kaɗan. A kamarorin Sony masu ganin dare, wato NightShot, filash ba ya aiki muddin wannan yana kunne.

Sai ka tabbata da kati a ciki. Masu kaset da yawa ba a kaset suke ajiye hoto ba: HV20 katin miniSD take so, tsofaffin Sony kuwa Memory Stick.

Iya ina haskensa ke kaiwa?

Nan ne gizo ke saƙar. Littattafan da ke zuwa da kamarorin nan suna ba da tazarar da ba ta wuce mita 1.5 zuwa 2.5 ba, gwargwadon samfurin. A aikace ka ɗauka mita 2 ne, taku uku na babban mutum. Abin da ya wuce nan ba rabon filash ba ne.

Dalilin shi ne haske ba ya raguwa daidai da nisa, faɗuwa yake yi. Idan ka ninka tazara sau 2, hasken da ke isa ga mutum ya koma kashi 1 cikin 4. Sau 3, kashi 1 cikin 9. Wanda ke mita 4 yana samun kashi 1 cikin 16 na abin da mai tsaye a mita 1 ya samu. Shi ya sa hoton dare ke fitowa da ƙeyar wani yaro fara tas a gaba, su ango da abokansa kuwa can baya sai haƙora da farar hula.

Zum ba ya gyara wannan, ƙara ɓata shi yake yi. Idan ka jawo mutum da zum, hotonsa ne ya matso, shi yana nan inda yake, hasken kuma sai ya yi tafiyar nan duka. Ga shi a yawancin kamarori ƙofar da haske ke shiga tana ƙara tsukewa idan an yi zum. Da ƙafa ake matsawa.

Wanda ya zauna saman benen filin kokawa yana sakar wa ƴan kokawa filash daga mita 20, batirinsa kawai yake ƙonawa. Hasken da ya isa tsakiyar fili kashi 1 cikin 100 ne na abin da ake samu a mita 2.

Me ke kawo fararen ɗigo-ɗigo a hotunan dare? Wata gwaggota ta ce ba lafiya ba.

A kwantar wa gwaggo da hankali, ƙura ce. Ƙwayar ƙurar da ke shawagi dab da gilashin kamara ita filash ke fara dukawa, kuma da yake tana kusa ƙwarai, hasken da ta samu ya ninka na mutanen da ake ɗauka nesa ba kusa ba. Kamara ba ta saita ganinta a kanta ba, don haka maimakon ɗan tsinin ƙura sai ta fito faffaɗan da'ira mai dishi-dishi. Ɗauki hoto biyu a jere, za ka ga da'irorin sun canja wuri. Da datti ne a jikin gilashi, da wuri ɗaya za su tsaya.

Mu nan wannan matsalar tamu ce fiye da ta kowa. Daga Disamba zuwa Fabrairu, lokacin da hazo ke rufe gari, iskar kanta cike take da ƙura ko ba wanda ya motsa. Ƙara da biki a kan rairayin unguwa, a ce Zariya ko Bagalam: an kafa rumfa a titi, mata na rawa, yara na guje-guje, ƴan kabu-kabu na ratsawa. Duk filash ɗin da ka saki a nan sai ya kwaso ƙura. A damina kuma ƙwari da yayyafi ke yin wannan aikin.

Tushen abin shi ne filash da gilashi maƙwabtan juna ne, tazararsu ba ta kai faɗin yatsu uku ba, hasken na fita yana dawowa ta hanya ɗaya. Maganin da ya fi ci shi ne a raba su: kashe filash, ba yaro fitilar caji mai ƙarfi ya riƙe ta gefe, kamar kamu biyu ko uku daga kamara, sama da kai kaɗan. Idan ba fitila, a yayyafa ruwa a filin kafin a fara, ko ka ja mutanen zuwa zaure ko wani lungu da ƙafa ba ta tayar da ƙasa ba. Goge gilashi ba ya hana ɗigon nan, amma duk da haka a riƙa hure shi da ɗan famfon roba kafin a sa ƙyalle, don yashinmu yana karce gilashi.

Jan ido fa?

A cikin duhu ƙwayar ido tana buɗewa. Filash ya shiga, ya daki bayan ido inda jijiyoyin jini suke, ya dawo ja. Saitin da ke da alamar ido yana sakin ƙananan walƙiya tukuna don ƙwayar ta tsuke, sannan babbar ta biyo. Yana taimakawa, sai dai mutane na ganin ta farko su ɗauka an gama, su kau da kai. Gaya musu tun farko: "Kada kowa ya motsa sai na ce to." Kunna fitilar ɗaki ma yana rage shi.

Na ɗauki Alhaji cikin farar shadda, rigar ta fito, fuskar ta yi duhu. A wani kuma rigar ta ƙone fat, ba a ganin aikin wuya.

Kamara ba ta san Alhaji ba, jimillar haske kawai take aunawa. Babbar riga fara ta cika mata fili, sai ta ga haske ya yi yawa, ta rage ƙarfin filash, fuska ta tafi. Idan kuma bayansa duhu ne mai faɗi, sai ta ƙara ƙarfi, rigar ta wanke har zaren aska ya ɓace. Sabuwar shadda mai maiƙo, wadda ta sha bugu, ta fi kowace wahala, domin ƙyallinta mayar da hasken yake yi kai tsaye.

Abin da nake yi: in matsa in ɗauka daga ƙirji zuwa sama, yadda fuska za ta samu kaso mai yawa a hoton, in kuma roƙi Alhaji ya ɗan karkata kafaɗa don kada gaban rigar ya fuskanci kamara sak. Idan kamararka tana gane fuska, kunna wannan. Sony da yawa suna da matakin ƙarfin filash guda 3 a cikin saiti. A kusa, na ƙasa ya fi yi wa farar riga adalci. Goshi da hanci kuma a share zufa kafin a ɗauka, musamman a Afrilu da Mayu. Sai dai a yi ta da ladabi, ba a miƙa wa dattijo hankici gaban jama'a. Ka raɗa wa ɗansa.

Amarya ta yi kyau a ido, a hoto fuskarta ta yi toka-toka, wuyanta kuma baƙi. Laifin mai kwalliya ne?

Hajiya, rabi da rabi. Wasu nau'o'in hoda da man kare rana suna ɗauke da sinadarai farare masu mayar da haske. Ido ba ya ganinsu a hasken ɗaki, filash ne ke tona su. Idan kuma hodar ta fi fatar haske, aka tsaya iya haɓa ba a sauka wuya ba, bambancin sai ya fito ƙuru-ƙuru. A gwada hoto ɗaya da filash tun mai kwalliya ba ta tattara kayanta ba. Hoton amarya na ajiya kuwa, ni ba na yin sa da filash. A zaunar da ita kusa da ƙofa ko taga da rana, hasken ya zo mata ta gefe, lallen hannu da zanen leshi duk su fito.

Ɗakin amarya ya ƙi ɗaukuwa, ko'ina walƙiya.

Ɗakin jere ba abin da babu na ƙyalli: kabad mai gilashi, kwanonin silba an jera su har sama, madubin gado, talabijin, ga labule mai sheƙi. Ka tsaya tsakiyar ƙofa ka saki filash, abin da za ka samu shi ne farin dunƙule a tsakiyar kabad, da kai kanka a ciki riƙe da kamara. Haske yana barin gilashi ne da irin karkatar da ya zo da ita. Koma kusurwar ɗaki ka ɗauki kabad ɗin a karkace, walƙiyar sai ta tafi ɗaya bangon maimakon ta dawo maka. Haka ake yi wa mai tabarau: ya ɗan sunkuyar da kai ko ya juya kaɗan.

Tun da kayan ɗaki ba sa motsi, hanya mafi kyau ita ce a kashe filash, a ɗaga labule, a kafa kamara kan ƙafafunta ko kan tebur, a sa ta ta ɗauka da kanta bayan daƙiƙa 10 don kada hannu ya girgiza ta.

Wai da gaske ana kunna filash da rana tsaka?

Da gaske, kuma a ganina nan ne ma ya fi amfani. Da dare shi kaɗai ke ɗauke da nauyin hoton, alhali ƙarfinsa bai kai ba. Da rana kuwa rana ta riga ta haska komai, abin da ya rage masa shi ne ya cike inuwa, kuma wannan daidai ƙarfinsa ne.

Ka lura da hoton ɗaurin aure da hantsi ko bayan Juma'a. Rana na bisa kai, rawani ko hula ya jefa inuwa a goshi, ramin ido ya yi baƙi, ƙarƙashin haɓa ya yi baƙi. Ko kuma mutane na zaune cikin rumfa, bayansu titi ne mai haske fau: kamara ta auna titin, mutanen suka zama inuwa. Haka wanda ya tsaya bakin tafkin Madarunfa ruwa na ƙyalli a bayansa. A duk waɗannan, kada ka bar wa kamara zaɓi, domin za ta ce haske ya isa. Tilasta filash ya tashi, ka tsaya cikin mita 2. Fuska za ta buɗe, ido ya samu ɗan ƙyalli, bayan kuma ya zauna yadda yake. Wanda ya ga hoton ba zai ma san an sa filash ba.

Akwai ƙarin riba. Launin hasken filash kusan ɗaya yake da na rana, wajen 5500 a ma'aunin Kelvin da ake auna launin haske da shi, don haka ba sa faɗa da juna. Da dare ne ake samun fuska fara, bango ja ko kore, saboda ƙwan fitilar gidan launinsa daban. Kuma da rana ba jan ido, ɗigon ƙura ma da ƙyar ake ganinsa.

Hoton dangi gaba ɗaya, mutum 20 ko fiye, da dare?

A haƙura. Gilashin tsofaffin kamarorin bidiyo ba shi da faɗi, kafin ka shigar da mutum 20 sai ka ja baya mita 5 ko 6, ka fita daga hurumin filash ke nan. A yi shi bayan la'asar, kowa ya fuskanci inda haske yake. Idan dole sai da dare, a raba su huɗu-huɗu ko biyar-biyar, a sahu ɗaya, kada wani ya tsaya bayan wani.

Filash yana cutar da idon jariri ranar suna?

Kamfanonin da kansu suna gargaɗin kada a saki filash dab da ido, ga jarirai kuma a ja baya aƙalla mita 1. Ni nakan kashe shi gaba ɗaya. Jaririn kwana 7 barci yake yi, ba inda za shi, ana iya ɗaukarsa da hasken ƙofa a hannun kakarsa. Haka nan ba a sakar wa mai tuƙi filash da dare, ba a kuma sakar wa doki a fuska ranar hawan salla.

Baƙar inuwar nan da ke manne a bango bayan mutum fa? An ce in rufe filash da farar takarda.

Janye shi daga bango kamar taku biyu, inuwar za ta faɗi ƙasa bayansa. Takarda tana ɗan tausasa hasken a kusa, amma tana cinye ƙarfin da dama bai da yawa, kuma kada ta manne da tagar, don wurin yana zafi. Idan inuwar a ƙasan hoton take, mai siffar rabin da'ira, to murfin kare rana ne ko ƙarin gilashin da ka ɗaura a gaba ya tare hasken. Cire shi. Wani lokacin ma yatsanka ne.

Yana cin batir sosai?

Yana ci. Kowace walƙiya sai an tara mata wuta tukuna, kamar randar da ake cikawa da moɗa a juye ta lokaci guda, shi ya sa kake jira tsakanin hoto da hoto, jiran kuma yana tsawo idan batir ya yi rauni. Idan bidiyo ne babban aikinka a ranar, kada hotuna su cinye maka wutar kafin a kawo amarya. Ka yi caji tun kuran, wato wutar lantarki, na nan, ka riƙe batir na biyu. Kamarorin nan an yi su ne su yi aiki tsakanin digiri 0 da 40, bazarar Maradi kuwa tana wuce 40, don haka ba a barin su cikin mota a rufe ko akwatin babur.

Ba gara in ciro hoton daga cikin bidiyo ba?

Sau da yawa gara hakan. Hoto ɗaya na cikakken HD ɗigo 1920 ne a kwance, 1080 a tsaye, wato megafiksel 2 da ɗan kai, kuma wannan ya isa a wanke hoto mai santimita 10 da 15. Ribarsa ita ce kana da hoto 25 a kowace daƙiƙa, ka zaɓi wanda ba wanda ya rufe ido. Aibinsa, duk abin da ke motsi yakan fito da dishi ko da layi-layi a gefensa. A nan filash ya fi shi: walƙiyarsa ba ta wuce kashi 1 cikin 1000 na daƙiƙa ba, tana tsayar da hannun mai liƙi da kuɗin a sama cak.

Kada lambar da aka rubuta a jikin kamara ta ruɗe ka. HDR-SR12 an rubuta mata megafiksel 10.2, alhali abin da ke karɓar hasken a cikinta bai kai 6 ba, sauran lissafi ne kamara ke cikawa. Idan za ka tura wa mai wankin hoto ta WhatsApp, tura shi a matsayin fayil, in ba haka ba za a matse shi ya rasa kyau.

Ina ɗaukar bidiyo, filash ɗin wasu na sa rabin allo ya yi fari. Kamarata ce ta lalace?

Lafiyarta lau. Kamarori masu CMOS, wato wani nau'in abin da ke karɓar haske a cikin kamara, suna karanta hoto ne layi bayan layi daga sama zuwa ƙasa, walƙiyar kuma ta fi karatun sauri, sai ta kama wani sashe ta bar wani. Ba saitin da ke hana shi a ƙananan kamarori. Ku yi magana da mai hoto tun kafin a fara, ya ɗaga maka ƙafa lokacin addu'a da lokacin da waliyyai ke magana.

To wayata ba ta fi ta ba?

Ga abin da ke tsaye wuri ɗaya cikin duhu, wayar zamani mai kyau ta fi tsohuwar kamara, domin tana ɗaukar hotuna da yawa ta haɗe su wuri ɗaya. Ga abin da ke motsi a kusa, filash ɗin kamara ya fi, don na waya fitila ce kawai mai rauni. Da rana daga nesa kuma, a ce mahaya sun fito daga ƙofar fada, zum ɗin kamara na gilashi ne na gaske, sau 10 ko 12, yawancin wayoyi ba sa kamo shi.

Na gwada duk abin da aka ce, bai tashi ba. In buɗe in duba?

A'a, ƙanena. A bayan filash akwai kondansa da ke riƙe wuta wajen bolt 300, kuma tana iya riƙe ta ko an cire batir. Kai wa mai gyaran da ya saba da kamara, ba kowane mai gyaran waya ba. Ka tambayi kuɗin aikin kafin ya kwance ko da noti ɗaya, ka gwada shi da kuɗin fitilar caji mai kyau wadda za ta yi maka bidiyo da hoto duka. A tsohuwar kamarar da kayanta ke wuyar samu, fitilar ce takan fi araha.